Diyyar Ƙafar Ɗan Fari

Laraba, 14 ga Agusta, bayan la'asar

Wata biyu da 'yan kwanaki ke nan rabona da gida. Ranar da na bar ƙauyenmu na bayan Riruwai masara ba ta kai gwiwa ba. Jiya matata Saude ta ce a waya masarar ta fara goyo, wadda ciyawa ba ta cinye ba. Riga ɗaya na sako a leda, don na ɗauka allura za a yi wa yaron mu juya.

Muna Kwanar Dangora, a gidan Surajo. Tare muka yi haƙar kuza da shi muna samari, yanzu hatsi yake saye. Ya ba Baffa da yaron ɗakin baya, ni ina kwana a sito a kan buhuna. Nan ya fi kusa da Kano, inda ake duba dungun ƙafar da aka yanke wa yaron duk mako biyu. Daga gida sai an keta dajin Falgore, kuma ba motar da za a shimfiɗe mai ciwo a cikinta.

Yaron ɗan farina ne. Shekararsa ashirin da biyu, ban taɓa kiran sunansa a gaban mutum ba, ban taɓa zama tabarma ɗaya da shi ba. Haka aka yi mini, haka na tashi na ga ana yi. Tun yaye Baffa, ƙanen mahaifina, ya ɗauke shi. Kullum da safe nakan tsaya a bakin ƙofa in ce, "Baffa, ya mai jiki?" Ya ce, "Da sauƙi." Sai in koma sito.

Alhamis, 15 ga Agusta, da hantsi

Barista Bahijja ta zo. 'Yar Bebeji ce, wata nas a Kano ce ta haɗa mu. Ba ta girmi yaron da shekara biyar ba, amma idan ta yi tambaya sai ka ji kamar kana gaban alƙali.

"Baba, sake ba ni labarin tun daga farko. Kada ka tsallake komai."

Na sake. Fartanya ta sare shi a saman ƙafar hagu yana noman firi. Baffa ya sa masa magani ya ɗaure da tsumma. Bayan kwana huɗu zazzaɓi ya kama shi, haƙoransa har haɗuwa suke. Muka kai shi wani asibitin kuɗi a hanyar Tudun Wada. Likitan, Dakta Kamaluddeen, ya kalli idonsa, ya ce maleriya ce da taifot, aka sa ƙarin ruwa. Kwana uku ana canza leda. Rana ta huɗu ya daina fitsari, ya fara kiran shanun da muka sayar tun bara. Sai a lokacin aka ce mu yi Kano. Can likitoci suka faɗi sunan ciwon da Turanci. Na ce a gaya mini da Hausa, aka ce ruɓar ƙafar ce ta bi jini ta game jiki. Ranar jajiberin Babbar Sallah suka yanke ta daga ƙasan gwiwa.

Ta ce wani babban likita a Kano ya rubuta cewa da an buɗe ciwon a rana ta biyu, an wanke, an ba shi maganin da ya dace, da yanzu yana taka ƙafarsa. A kan haka muke neman diyya. Su kuma mutanen asibitin sun ce ba wanda ya gaya musu akwai ciwo. Dogon wando ne a jikinsa, ga bargo, zazzaɓi kawai aka ce musu.

"Saboda haka, Baba, wa ya gaya wa likitan maganar ƙafar?"

Na ce, "An gaya masa."

"Wa?"

Na ce zan tuna. Ta daɗe tana kallona, sannan ta rufe jakarta.

Asabar, 17 ga Agusta, da magariba

Ruwa tun safe. Sito yana yoyo ta kusurwar gabas. Na taya Surajo janye buhuna.

Lahadi, 18 ga Agusta, da rana

Ta bango nake jin su. Baffa yana tsokanar yaron yadda kaka yake tsokanar jika.

"Kai gurgu, tashi ka ɗebo mini ruwa."

"Tsoho, da ƙafa ɗaya ma na fi ka sauri. Bari mu koma, matarka zan ƙwace."

"Wa zai ba ka? Takalmi ɗaya za ka kai lefe?"

Suka yi ta dariya. Can dariyar ta tsaya. Na ɗauki buta na fita.

Talata, 20 ga Agusta, bayan azahar

Mai asibitin ya turo mutane uku da buhun shinkafa da katon na sabulu. Shi kansa ba likita ba ne, ɗan kasuwa ne, yana da gidan mai. Babban cikinsu ya yi doguwar addu'a, ya ce komai ƙaddara ce, musulmi ba ya kai ɗan'uwansa kotu a kan abin da Allah ya rubuta.

Na ce na yarda da ƙaddara. Na ce ranar da muka je asibitin ma sai da na biya kuɗin gado kafin a taɓa shi, ban ji wanda ya ce in bari ƙaddara ta biya ba.

Surajo ya taka mini ƙafa. Suka tafi da shinkafarsu. Sabulun sun manta da shi, na aika musu da shi a motar Tudun Wada.

Laraba, 21 ga Agusta, da safe

Saude ta kira. Ta tambayi Baffa, ta tambayi Surajo da iyalinsa, ta tambayi ko ana ruwa a nan. Sannan ta ce, "Mutanen ɗakin baya fa, suna cin abinci?" Na ce suna ci. Ta ce, "To." Na ji numfashinta a wayar har kati ya ƙare. Ita ta haife shi, kunyarta ta fi tawa nauyi.

An sayar da jar saniyar. Ta huɗu ke nan.

Juma'a, 23 ga Agusta, bayan masallaci

Ina so in rubuta gaskiya game da Dakta Kamaluddeen, don idan raina ya ɓaci nakan manta da ita. Shi kaɗai ne likita a wurin nan. A benci yake kwana. Na gan shi yana cin burodi a tsaye, safar hannu ɗaya ba a cire ba. Ranar da aka ce mu yi Kano, daga aljihunsa ya cika mana kuɗin mota. Bai taɓa ɗaga mini murya ba.

Amma kwana uku bai ɗaga bargo ba. Mai duba akuya a kasuwa ma sai ya ɗaga ƙafafunta huɗu.

Warin ƙafar nan har yau yana hancina. Ko Surajo ya kawo kifi sai in tashi.

Talata, 27 ga Agusta, bayan isha

Yau aka yi zaman sulhu na farko a Tudun Wada, a wani ɗaki kusa da kotu, gaban wani tsohon alƙali da ya ajiye aiki. Barista ta ce in an daidaita a nan, shi ke nan. In ba a daidaita ba, sai babbar kotu, a yi shekara uku ana zirga-zirga. Ba ni da shanun shekara uku.

Yaron bai je ba, dungun yana ruwa. Ni da Baffa muka je. Lauyansu mutum ne mai fara'a, ya durƙusa har ƙasa ya gaishe da Baffa, ya tambaye shi shanu, ya tambaye shi damina, har da ɗan Fulatancinsa. Baffa ya saki jiki.

"Baba, wa ya yi jinyar yaron a asibitinmu?"

"Ni ne."

"Ka nuna wa likita ƙafar?"

Baffa ya ce bai nuna ba. Ya ce ya ga ma'aikatan asibiti ba sa son maganin gida, faɗa suke yi, shi kuma zazzaɓi ya kawo a yi wa magani.

"To mahaifinsa fa? Ko shi ya shiga ya gani?"

Baffa ya gyara zama. Na san wannan zaman, shi yake yi idan zai yabi gidanmu.

"Balarabe? Ɗan farinsa ne fa. Ko ƙofar ɗakin bai leƙa ba. Kwana huɗu yana gindin mangwaro. Mu ba a gidan marasa kunya muka tashi ba."

Ya juyo ya kalle ni yana murmushi, wai ya fitar da ni kunya. Lauyan ya ce, "Madalla, Baba, Allah ya ƙara girma." Ya juya wajen alƙali ya ce wanda ya san da ciwon ya ɓoye shi, wanda bai ɓoye ba bai shiga ba, to wa ya gaya wa likita? Dakta Kamaluddeen yana ƙarshen benci, kansa a ƙasa. Sau ɗaya muka haɗa ido.

An ɗage zuwa mako biyu. A mota Baffa ya ce, "Yaron nan lauya yana da tarbiyya."

Laraba, 28 ga Agusta

Ban fita ba.

Alhamis, 29 ga Agusta, da la'asar

Barista ta same ni a sito. Ba ta zauna ba.

"Baba, ko ba a gaya wa likita ba, haƙƙinsa ne ya duba jiki gaba ɗaya. Zan tsaya a kan wannan. Amma da maganar da tsoho ya yi, abin da za su ba ku ba zai sayi ƙafar roba ba. Ka ce mini an gaya masa. Ka ce za ka tuna."

Na ce ta zauna. Na rufe ƙofar sito, ban san dalili ba, ba kowa a waje sai kaji.

Na gaya mata. Rana ta biyu da asuba, Baffa ya tafi masallaci. Ni na yi alwala zan bi shi, sai na ji nishi ta taga. Na duba ba kowa a baranda. Na shiga. Na ɗaga bargon, na kwance tsumman. Abin da na gani ba zan rubuta ba. Na mayar na ɗaure yadda Baffa ya ɗaure, don kada ya gane. Da gari ya waye na tare likitan a bakin famfo, shi kaɗai, na ce, "Likita, a duba ƙafarsa ta hagu, tana wari." Ya ce zai zo in ya gama zagaye. Na koma gindin mangwaro ina jira. Da yamma na ga an canza ledar ruwa, na ɗauka an duba.

Sannan ta ce, "Baba, wannan ne fa duk shari'ar. Me ya sa ka riƙe?"

Na ce ba za ta gane ba. Ta ce ita ma 'yar fari ce, babanta har ya rasu "ke" yake ce mata. Ta ce ta gane, amma sai na faɗa a gaban alƙali, a gaban Baffa. Kuma za su ce ƙirƙira na yi bayan na ga an kayar da mu, tunda baffana da bakinsa ya ce ban shiga ba.

Asabar, 31 ga Agusta, da hantsi

Surajo ya ce, "Kai dai Balarabe, ramin kuza mai gaba goma ka shiga ba ka ji tsoro ba, sai ɗakin ɗanka." Na ce ya auna masararsa.

Abin ba ɗakin ba ne kaɗai. Mutumin da ya riƙe mini ɗa shekara ashirin, wanda ya yi ta wanke masa kashi a asibitin Kano, shi zan tashi in ƙaryata a gaban baƙi. Kuma maganar za ta riga mu isa gida. Za a ce Balarabe ya je ya faɗa wa alƙali yadda ya laɓaɓa wajen ɗan farinsa kamar ɓarawo.

Litinin, 2 ga Satumba, da safe

"Baffa, ya mai jiki?" "Da sauƙi."

Alhamis, 5 ga Satumba, bayan azahar

Mun je Kano. Dungun ya fara bushewa. Sun ce gwiwar ta tsira, za ta ɗauki ƙafar roba in an samu. Suka faɗi kuɗin. Na yi lissafin shanun da suka rage, ba su kai ba.

A tasha na ga yaron nawa yana kallon wani yaro mai tallan rake da yake tsallake kwata. Kallo kawai. Da ya ga na gan shi sai ya juya wajen Baffa ya ce, "Tsoho, saya mini rake."

Na yi niyyar gaya wa Baffa a hanya. Ya yi barci tun daga Kura.

Litinin, 9 ga Satumba, da magariba

Gobe ne. Barista ta ce a zo da yaron, alƙali ya ga ƙafar da idonsa. Har yanzu ban gaya wa Baffa ba. Sau biyu na je bakin ƙofa, na tambayi mai jiki, na dawo.

Talata, 10 ga Satumba, bayan isha

Na faɗa.

A tsaye na faɗa, ina kallon agogon bango. Muryata ba ta fita sosai ba, sai da alƙali ya ce in ɗaga. Ban kalli ɓangaren da Baffa yake ba, amma na ji carbinsa ya tsaya.

Lauyansu ya tashi da fara'arsa. Ya ce Malam Balarabe dattijo ne, ba zai ce ya yi ƙarya ba, amma abin mamaki ne a ce sai yau ya tuna. Ya ce ko akwai wanda ya gan shi ya shiga? Na ce babu, don na tabbatar babu kafin in shiga. Aka ɗan yi dariya a baya.

Sai na ji murya daga gefen ƙofa, inda aka zaunar da yaron da sandunansa.

"Ranka ya daɗe, ni na gan shi."

Alƙali ya ce ya yi magana.

"Idona biyu. Na ji shigowarsa, na gane tafiyarsa, sai na rufe ido don kada ya ji nauyi. Hannunsa da sanyi, da ruwan alwala. Ya kwance ƙafar, ya daɗe yana riƙe da ita. Ya kira sunana sau biyu." Ya tsaya. "Ban amsa ba. Na ga in na amsa zai fita."

Ban san me aka ce bayan nan ba na ɗan lokaci. Na san dai agogon yana ƙarfe sha ɗaya saura.

Lauyan ya ce ɗa zai goyi bayan ubansa, kuma mai zazzaɓi yana ganin abin da babu. Yana cikin magana Dakta Kamaluddeen ya miƙe. Lauyan ya ja masa hannun riga, ya zame.

"Ya gaya mini. A bakin famfo, ina wanke hannu. Ya ce ƙafar hagu. Na ce zan zo. Aka kawo mai naƙuda tana zubar da jini, na shiga da ita, ban fito ba sai azahar. Daga nan ban sake tunawa ba sai ranar da ya daina fitsari." Ya juyo wajena. "Baba, ka gaya mini."

Na so in ji daɗi. Wata uku ina jiran jin wannan daga bakinsa. Abin da na ji kawai gajiya ce.

Lauyoyin sun shiga ciki da alƙali da mai asibitin har la'asar. Barista ta fito ta ce sun amince da sakaci. Za su biya ƙafar roba da canjinta na farko, da abin da muka kashe a Kano, da kuɗin injin niƙa don ya samu sana'ar zaune. An rage kashi ɗaya cikin uku na abin da muka nema, saboda kwana huɗun da muka yi a gida da tsumman da aka ɓoye. Ta ce in na ƙi, za ta bi ni babbar kotu. Na ce ragin daidai ne, kwana huɗun namu ne. Na sa hannu.

Baffa bai yi mini magana a mota ba.

Laraba, 11 ga Satumba, da safe

Na tsaya a bakin ƙofa na tambayi mai jiki. Ba a amsa ba. Can yaron ya ce, "Da sauƙi, Baba." A hankali ya faɗa.

Alhamis, 12 ga Satumba, da la'asar

Surajo ya ji a tasha mai asibitin ya sallami Dakta Kamaluddeen. Ya ce, "Ka ga ƙarshensa." Na ce ban ga komai ba. Wanda ya bar likita ɗaya da gado ashirin yana nan a gidan mansa. Na roƙi Barista lambar likitan. Ban kira ba tukuna, ban san me zan ce ba.

Na gaya wa Saude yadda aka yi, ban da abin da yaron ya faɗa. Ta ce labari ya riga ya iso, har da wannan. Ta ce mata sun cika gidan. Na ce me suke cewa? Ta ce, "Bar su." Sannan ta ce, "Sunan, sau biyu aka ce?" Na ce kati zai ƙare.

Juma'a, 13 ga Satumba, kafin masallaci

Baffa ya fito ya same ni ina wanke rigata. Ya daɗe a tsaye a kaina.

"Ka mai da ni maƙaryaci a gaban alƙali."

"Ka yi haƙuri, Baffa. Abin da ka sani ka faɗa."

"Ɗaurin ma ba irin nawa ka yi ba. Na ga ƙullin ya juya, na ce ko nas ce." Ya kalli ƙasa. "Da na san ka gani, da mun je wajen likitan mu biyu."

Ya dafa ƙugunsa ya ce bayansa yana ciwo yau, ba zai iya ɗaga ƙaton nan ba. "Shiga ka riƙe shi ya yi alwala. Ni na yi gaba."

Na shiga. Ya yi nauyi fiye da yadda na zata. Da ya zo wanke ƙafa ya wanke ta dama, ya tsaya, na zuba masa ruwan a tafin hannu ya shafa a dungun.

Asabar, 14 ga Satumba, da asuba

Litinin za a auna yaron don ƙafar roba a Kano, daga can sai gida. Kafin in ɗaure kaya, ga abin da ya rage mini.

Shanu bakwai na bari, saura uku, ɗaya da ciki. Gonar fadama ta tafi, ciyawa ta cinye. Gonar tudu Saude da yara sun tsare rabinta, za a samu na tuwo zuwa bazara. Riga biyu. Baffa, yana amsa gaisuwata. Gwiwa ɗaya, ta hagu, tana lanƙwasuwa.

Da Abdulmalik.